Kamun rekfish a Tudun Charleston, daga ƙugiya zuwa faranti

Ƙanƙara ake fara lodawa. Kafin a sha mai, kafin a shigo da abinci, sai an cika rumbun jirgin da niƙaƙƙiyar ƙanƙara, domin inda za a je babu mai sayar da ita, kuma kifin da zai yi kwanaki kafin ya ga kasuwa ita ce ke riƙe masa daraja. Ni aka miƙa wa shebur. Bututu yana aman ƙanƙara daga sama, ni kuma ina ciki ina baje ta lungu-lungu, ina dannawa da takalmin roba don kada a bar rami. Bayan ita aka shigo da kwalayen daskararren sikwid, wata halittar teku mai laushin jiki da hannuwa da yawa, koton da rekfish ya fi so, sannan dunƙulen dalma waɗanda ba a ɗaga ɗaya sai da hannu biyu.

Sana'ata yankan kifi ce a kicin ɗin wani gidan abinci a Charleston, jihar Karolina ta Kudu a Amurka. Rekfish, wanda masana ke kira Polyprion americanus, yana cikin kifayen da suka fi bi ta ƙarƙashin wuƙata, kuma na daɗe ina son ganin inda yake fitowa. Dilan da ke kawo mana kifi ne ya yi mini hanya wurin wani dattijon kyaftin, ɗaya daga cikin 'yan tsirarun da ke da izinin kama shi don sayarwa. Sharaɗinsa ɗaya ne. Ya ce, "Ɗana, jirgina ba ya ɗaukar ɗan kallo. In ka shigo, ma'aikaci ne kai." Na ce, "Na yarda, Kyaftin."

Tafiyar ta faɗo a watan Mayu. Daga 15 ga Janairu zuwa 15 ga Afrilu doka ta hana kama rekfish a wannan yanki, saboda a lokacin ne yake taruwa yana zuba ƙwai. Da an buɗe kuma, sai a zauna jiran iska. Kyaftin ya yi ta ɗage tashinmu saboda iskar arewa maso gabas. Idan ta taso tana fuskantar ruwan da ke gudu zuwa arewa, raƙuman ruwa sukan miƙe tsaye, gajeru masu tsini, ƙaramin jirgi ba ya iya aiki a cikinsu. Ranar da iska ta juya, da la'asar muka kwance igiya, muka wuce tsohuwar ganuwar Fort Sumter a bakin mashigi, muka miƙi kudu maso gabas.

Inda muka nufa ana kiransa Tudun Charleston. Tudun duwatsu ne a ƙasan teku, kimanin kilomita 130 zuwa 160 daga birnin, inda ƙasa ke tasowa daga zurfin sama da mita 700 zuwa wajen mita 400. Yana kwance ne daidai kan hanyar Gulf Stream, ƙaton kogin nan na ruwan ɗumi da ke tafiya a cikin teku, ya fito daga mashigin Florida ya nufi arewa. Idan ruwan ya ci karo da tudun sai ya karkata gabas, ya bar juyi a bayansa, ruwan ƙasa mai sanyi ya taso da abincin ƙananan halittu. Tsawon zamani gudun ruwan ya zaizaye duwatsun, ya sassaƙa musu gaɓoɓi da rumfuna da koguna. Cikin waɗannan maɓoya rekfish ke zama, ya fake daga ƙarfin ruwa, ya jira abin da ruwan zai kawo masa. A duk yammacin Atlantika ta arewa, nan ne wurin da aka tabbatar yana hayayyafa.

Dare guda muka kwana muna tafiya. Jiri ya kama ni tun kafin fitilun gari su ɓace, bai sake ni ba sai wajen asuba. Da gari ya waye na fito na tarar ruwan ya sauya. Koren ruwan bakin gaɓa ya tafi, wannan shuɗi ne mai duhu, tas, in ka ɗebo a bokiti ka ji shi da ɗumi. Ciyawar teku mai ruwan ɗorawa tana tafe layi-layi, kifaye masu fiffike suna tsalle daga gaban jirgi. Wani guntun katako ya zo wucewa, ƙananan kifaye sun yi cincirindo a inuwarsa. Babban ma'aikacin jirgin ya nuna mini shi da haɓa, ya ce, "Abokina, ka ga wannan? Haka rekfish ke fara rayuwa."

Gaskiya ya faɗa. Ƙwan rekfish ba ya zama a ƙasa, sama yake tasowa, ruwa ya tafi da shi. Ɗan kifin da ya ƙyanƙyashe yakan rayu a saman teku, jikinsa da dabbare-dabbaren baƙi, yana bin duk abin da ke yawo a kan ruwa: gungumen itace, ganga, tarkacen jirgin da ya fashe. A inuwar abin yake fakewa, a nan kuma yake farautar na ƙasa da shi. Gulf Stream ke ɗaukarsa ya yi gabas da shi. Shi ya sa ake ganin ƙanana a kewayen tsibiran Azores da Madeira na ƙasar Fotugal, da cikin Bahar Rum, wani lokaci da bazara har kudu maso yammacin Ingila. Sai ya kai tsawon santimita 50 zuwa 60 sannan ya bar hasken rana, ya nutse ƙasa, ba ya sake dawowa. A nan inda ake zuba ƙwan kuwa, da wuya masunci ya ga ƙarami. Kusan duk abin da ake kamawa manya ne.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da nauyinsa. A gefen jirgi an kafa injinan naɗi masu aiki da matsin mai, kowanne da ƙaton kwarkwaro cike da wayar ƙarfe mai kaurin milimita 3. A ƙarshen wayar ake ɗaure dalma. Sama da ita kaɗan ake haɗa doguwar tsarkiya mai kauri, a jera mata ƙugiyoyi da tazara a tsakaninsu. Ƙugiyar mai lanƙwasa ce sosai, tsininta ya juyo ciki. Amfanin haka shi ne ba sai masunci ya fizga ba. Kifi ya haɗiyi koto ya juya zai tafi, ƙugiyar ta zamo da kanta ta kama gefen muƙamuƙi.

Sa koto shi ne aikina na farko. Ana barin sikwid ya ɗan saki, ba ya narke gaba ɗaya ba, domin in ya yi laushi ruwa zai tsinke shi tun a hanya. A soke shi ta wutsiya, a juya, a sake sokewa, a bar tsinin ƙugiya a waje, hannuwansa suna reto. Baƙin ruwan cikinsa yana ɓata hannu da riga, warinsa kuma ba ya fita da sabulu ɗaya.

Aikin da ya fi kowanne wuya na kyaftin ne, kuma a zaune yake yin sa. Ba a jefa anga a wurin nan, zurfin ya yi yawa, ruwan kuma yana gudun da ya fi na mai tafiya da sauri. Sai dai ya juya hancin jirgi ya fuskanci ruwan, ya ba inji wuta daidai gwargwadon gudunsa, jirgin ya tsaya cak a kan dutsen da yake so, ko ya riƙa ja da baya a hankali. Idonsa ɗaya na kan na'urar da ke zana ƙasan teku, ɗaya na kan kusurwar wayoyi. Wani abin kuma, ruwan sama da na ƙasa ba gudunsu ɗaya ba. Dalma takan bar jirgi a nan ta sauka can wani wuri, saboda haka sai ya ƙiyasta inda za ta faɗa tun kafin ya ce a saki. Yana da tsohon littafi mai cike da lambobin wurare, rubutun hannu, wanda ba ya barin kowa ya buɗe.

"Saki!" Na saki birki, waya ta fara zuba. Mintoci suka wuce tana tafiya, har na fara zaton ba za ta tsaya ba. Can sai ta yi sako-sako. Ma'aikacin da ke kusa da ni ya danna hannun injin ya ɗago dalmar kaɗan, kamu biyu ko uku, don kada ta maƙale a dutse. Sannan ya kama hannuna mai safa ya ɗora yatsuna biyu kan wayar. Da farko ba abin da na ji sai kaɗawar ruwa, wani zirrr da ba ya yankewa. Ya ce in rufe ido in jira. Sai ga wani bugu, dum, mai nauyi, ba irin tsattsagar ƙaramin kifi ba. Ya sake, dum, dum. Wayar ƙarfe ba ta miƙewa kamar roba, don haka abin da ya faru a ƙasa yana isowa yatsa ba tare da ya ɓace a hanya ba. Na buɗe baki zan ce a ja, ya girgiza kai. "Bari 'yan'uwansa su zo." Rekfish yakan taru a wuri ɗaya, kuma motsin wanda ya kamu yana janyo sauran. Ƙwararre yakan ƙirga da yatsa ya gaya maka kifi nawa ne a ƙasa, kuma sau da yawa ya dace.

Da aka fara naɗowa injin ya yi nishi. A mitocin farko kifin yana faɗa da gaske, yana neman komawa kogonsa, kana ganin sandar injin tana sunkuyawa tana miƙewa. In ya samu ya shige dutse, to an yi asarar kifi da dalma da tsarkiya gaba ɗaya. Amma da an raba shi da ƙasa faɗan yana raguwa, kafin a kai rabin hanya ya ƙare. Kusa da ƙarshe ma wayar saki take yi, ta karkata gefe, saboda kifayen sun fara tasowa da kansu sun riga dalma. Can nesa da jirgi kaɗan ruwa ya yi fari da kumfa, sai ga su sun ɓullo ɗaya bayan ɗaya, ciki sama. Uku ne. Muka jawo su da sanda mai ƙugiya, mutum biyu ga kowane kifi.

Na sha riƙe rekfish a kicin, amma gani ya kori ji, ban taɓa ganinsa da launinsa na rai ba. Bayansa toka-toka ne mai ratsin shuɗi, cikinsa yana ƙyallin azurfa, kuma cikin mintoci kaɗan launin ke dusashewa ya koma duhu. Kai ƙato, baki faffaɗa, muƙamuƙin ƙasa ya zarce na sama. A kan murfin kunnensa akwai wani ƙashi mai kaushi da ya ratsa a kwance, in ka shafa za ka ji shi, kuma da shi ake bambanta shi da kifayen gurupa da ake yawan haɗa shi da su a kasuwa. Ba danginsu ɗaya ba ma. Yawancin gurupa sukan fara rayuwa a mace su rikiɗe namiji, shi kuwa yadda aka halicce shi haka yake mutuwa. Waɗanda muka kama tsawonsu wajen mita ɗaya ne, nauyi kilo 15 zuwa 20, wanda shi ne aka saba gani a nan, ko da yake jinsin yana iya kaiwa mita 2 da kilo 100. Abin da ya fi tsaya mini shi ne sanyinsa. Rana tana dukan ƙeya, ruwan sama da ɗumi, amma da na ɗora tafin hannu a gefensa sai na ji sanyin inda ya fito.

Akwai abin da ba shi da daɗin gani, kuma ba zan ɓoye shi ba. Idanunsa sun firfito, tumbinsa ya juyo ya cika masa baki kamar balan-balan. Dalili shi ne nauyin ruwa. Duk mita 10 da ka nutsa, matsi yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar da ke kanmu a doron ƙasa, wato a mita 500 ya ninka kusan sau 50. Kifin yana da jakar iska a cikinsa da ke daidaita masa tsayuwa a ruwa. Idan aka ɗago shi cikin mintoci, iskar ta kumbura ta ture kayan cikinsa waje. Ma'anar wannan a aikace ita ce babu zancen a kama a duba a mayar. Wanda ya iso sama ya riga ya mutu ko yana gab da mutuwa. Duk wani tausayi ko taka-tsantsan da za a yi wa wannan kifi, kafin ƙugiya ta sauka ake yin sa: a wane wata, a wane dutse, kuma guda nawa.

Daga nan aikin ya dawo fannina. Ana yanke jijiyar da ke ƙarƙashin maƙogwaro nan take, a sa kifin cikin baho na ruwan teku da ƙanƙara jini ya tsiyaye. Wannan mataki shi ke sa tsoka ta fito fara sol. In aka yi jinkiri jini ya kwanta a jiki, ko wane irin kuku ne ba zai iya gyara ta ba. Sai a tsaga ciki daga dubura zuwa wuya da wuƙa gajera, a kwashe kayan ciki, a kankare baƙin jinin da ke manne da ƙashin baya da cokali, a wanke da ruwan teku. Kai da ƙayoyi ana barinsu, haka doka ta ce a sauke shi. A rumbu ana cusa masa ƙanƙara a ciki, a kwantar da shi ciki ƙasa don ruwan da ya narke ya zube, a rufe da wata ƙanƙarar, sannan a jera na gaba. Kyaftin ya leƙo ya ga yadda nake yi, ya ce, "To, wannan kam ba sai an koya maka ba."

Sauran kwanakin haka suka tafi, daga fitowar rana zuwa duhu. Wani dutsen a samu, wani a sauke waya sau da yawa ba ko bugu ɗaya. Akwai yinin da ruwa ya yi ƙarfin da dalma ta kasa taɓa ƙasa, muka zauna muna gyaran tsarkiya. Wani lokaci kifin shak yakan riga mu, a ɗago kai kawai. Jefi-jefi wani jan kifi mai manyan idanu da ake kira alfonsino yakan biyo. A bakin rekfish da tumbinsa mun riƙa ganin ragowar abin da ya ci, galibi sikwid da ƙananan kifayen zurfi, irin waɗanda ke hawa sama da dare su sauko da rana su faɗa bakin mai jira.

Wata rana da yamma ina feɗe wani babba sai wuƙata ta gogi ƙarfe a gefen bakinsa. Tamu ƙugiyar na riga na cire. Na tona da yatsa na ciro wata, ƙarama, miƙaƙƙiya, ta yi tsatsa, nama ya riga ya rufe rabinta, da ɗan guntun zare a gindinta. Na kai wa kyaftin. Bai yi mamaki ba. Ya jawo wani gwangwanin kofi daga ƙarƙashin kujerarsa ya buɗe, ga irinta nan da dama. Ya ce, "Ɗana, ba mai amfani da wannan a gaɓar nan. Ta mutanen can ce." Ya nuna gabas.

Masana sun rubuta wannan tun da daɗewa. Ana samun ƙugiyoyi irin na masuntan gabashin Atlantika, irin waɗanda ake sa wa mamari a wajen Azores da Madeira, a bakin rekfish da aka kama a Tudun Charleston. George Sedberry, masanin kifi da ya yi shekaru yana nazarin wurin, yana cikin waɗanda suka bayyana haka. Binciken ƙwayoyin gado kuma ya nuna cewa rekfish na arewacin Atlantika da na Bahar Rum al'umma ɗaya ce, dabam da ta kudancin duniya. Wato kifin da ke hannuna ya tsinke zaren wani masunci a can, inda ake kiransa cherne, sannan ya ratso dubban kilomitoci ya zo nan. Na daɗe ina juya ƙugiyar a tafin hannuna. Jiragen Amurka da na Fotugal, ashe garke ɗaya suke ɗiba, kowa daga nasa gefen, kuma dokar ɗaya ba ta hawa kan ɗaya.

A daren nan kyaftin ya ba ni tarihin sana'ar, muna shan kofi a ɗakin tuƙi. Kafin 1987 ba wanda ke kamun rekfish a nan. A shekarar jirage biyu suka fara. Labari ya bazu cewa an samu kifi mai tsada a wurin da ba a taɓa taɓawa ba, kafin 1990 ta ƙare jirage sun kai gommai, abin da ake saukewa a shekara ya doshi laba miliyan 4. Hukumar da ke kula da kamun kifi a yankin ta farga da wuri. A 1990 ta sa iyakar laba miliyan 2 a shekara, a 1991 ta hana shimfiɗa mamari a ƙasan teku saboda rekfish, domin yana maƙalewa a duwatsu ya ci gaba da kisa ba mai ɗauka. A 1992 aka raba wa masunta kaso, kowa da adadin da zai kama, yana iya sayar da kasonsa ko ya sayi na wani. Yana cikin tsare-tsare irinsa na farko a Amurka. A 2012 aka zaftare iyakar zuwa laba 235,000, daga baya aka ɗaga bayan sabon ƙiyasi. Masu kamun nishaɗi kuwa, lokacin da na je, Yuli da Agusta kawai aka ba su, kifi ɗaya ga jirgi a rana.

Ba kowa ke son tsarin kason nan ba, kuma na fahimci dalilinsu. Ya tattara sana'ar a hannun mutane ƙalilan, saurayin da ke son shiga sai ya nemi kuɗin sayen kaso kafin ya sayi ƙugiya. Wannan ƙorafi ne na gaskiya. Amma na tsaya a kan jirgin na ga manyan kifaye suna fitowa shekaru da dama bayan rububin farko, kuma na san ba ko'ina aka yi wannan dace ba. A kudancin Brazil an kwashe rekfish har sai da gwamnati ta hana kama shi gaba ɗaya a 2005 na tsawon shekara 10. Kifin da ba ya fara haihuwa sai ya kai wajen shekara 8 zuwa 10, kuma yake taruwa a wuri ɗaya da kowa ya sani, ba ya jure rububi.

Da rumbu ya kusa cika, ƙanƙara kuma ta fara ja baya, muka juyo. Ba a sauke rekfish a ɓoye ko da tsakar dare. Akwai sa'o'in da doka ta ƙayyade, kuma dila mai lasisi kaɗai ke saye. Aka ɗora kowane kwando a sikeli, aka rubuta, aka cire nauyin daga kason kyaftin. A bakin tashar akwai wata ma'aikaciya daga sashen albarkatun ƙasa na jihar, da allon awo da 'yan ambulan. Ta auna tsawon wasu kifayen, sannan ta ɗaga murfin kunnen ɗaya, ta sa kurfi ta fasa wani ƙashi a gindin ƙwaƙwalwa, ta zaro wani farin abu da hantsaki, bai fi farcen babban yatsa ba.

Na ce, "Ranki ya daɗe, mene ne wannan?" Ta ce dutsen kunne ne. Kowace shekara yana ƙara zobe ɗaya. A ɗakin bincike za a yanka shi siriri a ƙirga zoben a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ta ce an tabbatar da ƙirgar ta wata hanya dabam: gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya na shekarun 1950 da 1960 sun bar alamar wani nau'in sinadarin kabon a tekunan duniya, kuma ana ganin alamar a tsakiyar dutsen kunnen kifin da aka haifa a lokacin. Da haka aka gano rekfish yana kaiwa shekara 80. Girmansa yana sauri yana ƙarami, sannan ya kusa tsayawa, saboda haka kifi biyu masu tsawo ɗaya, wani yana iya girme wa wani da shekara 30. Na waiwayi kwandunan da muka sauke. Babu mamaki a cikinsu akwai wanda ya girme ni, har da wanda ya girmi kyaftin.

Gidan abincinmu ya sayi wasu daga cikin kamun, na bi su har kan teburina. Ɓawon rekfish ƙanana ne masu kaushi, sun kama fata da ƙarfi, sai an kankare daga wutsiya zuwa kai a ƙarƙashin ruwan famfo. Ƙayoyin bayansa masu tsini ne, almakashi nake fara sa musu. Sannan in tsaga bayan kai, in bi ƙashin baya da doguwar wuƙa, ina jin tsininta yana taɓa ƙashi a kowane ja, in ɗaga tsokar gefe guda a dunƙule. Fara ce mai ɗan ja-ja, mai tauri, ba ta da wari. Gefe biyun ba su kai rabin nauyin kifin ba, saboda girman kai. Wurare da yawa sauran a shara yake ƙarewa. Na roƙi shugaban kuku a bar mini kawuna da wuya da ƙasusuwa, ya amince.

Tsokar ba ta son wahalarwa. Nakan yanka ta da kaurin yatsu biyu, in tsane ta da tawul har fata ta bushe, in ɗan tsattsaga fatar don kada ta naɗe, in barbaɗa gishiri. Kasko ya yi zafi sosai, mai kaɗan, a kwantar da ita fata ƙasa a danna da cokali mai faɗi na ɗan lokaci. Ba a taɓa ta kuma sai fari ya hau ta daga ƙasa ya wuce rabi. Sannan a juya, a jefa bota da tafarnuwa, a riƙa ɗiban man ana zuba mata a kai, a ƙarasa a oben na mintoci kaɗan. Hukumomin lafiya a nan suna ba da shawarar zafin tsakiyar kifi ya kai digiri 63 a ma'aunin Salsiyas. Kyawun rekfish shi ne ko an ɗan wuce da shi ba ya bushewa da wuri, kuma ba ya wargajewa a miya ko a kan waya. A Fotugal gunduwa-gunduwa suke yanka shi da ƙashinsa, su gasa a garwashi, su ci da dafaffen dankali da man zaitun. A Charleston an fi ɗora shi kan faten masarar yankin ko kan shinkafa.

Na ci nawa a tsaye a bayan kicin, da matsin lemun tsami kawai. Fatar ta yi ƙus-ƙus, tsokar tana rabuwa manyan ɓangarori masu sheƙi, da ɗan zaƙi da maiƙo mara nauyi. Kifi ne mai daɗi ƙwarai, ba na mamakin masu nemansa. Sai dai ba abincin kullum ba ne. Duk kifin da ke cin kifi kuma ya daɗe a duniya yana tara sinadarin zaiba a jikinsa, saboda haka mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara su yi hankali da yawansa. Ko ba don wannan ba ma, abin da ya ɗauki shekaru masu yawa kafin ya kai girman nan, a ganina, ya cancanci a ci shi jefi-jefi, kuma a cinye shi duka.

Wuyan, wato naman da ke bayan murfin kunne har da ƙayar gaba, shi ne ya fi ko'ina maiƙo. Na shafa masa gishiri da masoro na gasa shi a wuta mai ƙarfi har gefensa ya ɗan ƙone, ma'aikatan kicin suka cinye da hannu kafin ya huce. Kumatun guda biyu, kowanne ya cika tafin hannu, na soya su dabam. Kan kuwa na raba shi biyu da babbar wuƙa, na cire jajayen abin numfashin domin suna sa ɗaci, na jiƙa shi da ƙasusuwan a ruwan sanyi har jini ya fita. Na ɗora a tukunya da albasa da seleri da ganyen bay, wuta ƙasa-ƙasa, ba a barin ya tafasa da ƙarfi, ana kwashe kumfa, minti 40 ya isa. Na tace, na tsince naman da ya saura a ƙashi, wanda ya kusa cika kwano. Romon ya kwana a firji ya daskare har cokali yana tsayawa a ciki, washegari da shi muka dafa shinkafar abincin rana, naman kan kuma ya shiga miyar ma'aikata.